Abin da Tunkiyar Jummai Ta Haifa

Kun sha jin cewa mahaifinku ya yi shekara goma da ɗoriya yana ajiye giya a ƙarƙashin benen gidanmu na Edmonton. Wasunku a bakin 'ya'yan mutane suka ji, wasunku a wurin biki, a bakin matan da ke rage murya idan mahaifiyarku ta shigo. Ba wanda ya taɓa tambayata a cikinku. Na yaba da wannan tarbiyya, ko da yake ta bar ku da rabin labari. To, gaskiya ne, na ajiye. Ban sha ba, ban sayar ba, ban zuba wa baƙo ba, kuma ma ba tawa ba ce. Ta yayarku Jummai ce. A kanta na rasa ajin Asabar, wanda a falonmu nake tara 'ya'yan Hausawan arewacin Landan ina koya musu karatu da harshen iyayensu. Ba a biyana ko sisi a kan ajin nan, amma duk abin da na yi a ƙasar nan ba wanda na so kamarsa. Ga yadda aka yi.

Sai na fara da Walta, don in babu shi babu labari. Mun koyar tare a wata sakandare, ni lissafi, shi ilimin ƙasa. Dogon Bature ne mai ƙashin wuya, rigarsa kullum kamar a cikinta ya kwana. A duk ɗakin malamai shi kaɗai ya lura cewa akwai wata guda a shekara da ba na shan shayi, kuma maimakon ya tsare ni da tambaya sai ya je laburare ya karanto, ya dawo ya daina cin biskit a gabana. Ya ji mahaifiyarku tana ce mini Malam, ya ɗauka sunan yankana ke nan. Na bar shi a haka, don ba kullum Bature ke girmama mutum bisa kuskure ba.

A shekarar da aka haifi Jummai, farkon shekarun tamanin, Walta ya gaji wani ɗan tudu a Kent daga wata gwaggonsa. Ya ajiye alli ya ce zai dasa inabi. Ya rantse ba takin zamani, ba feshin magani. Tumakin maƙwabcinsa ne za su cinye masa ciyawa su bar masa taki. Turawa sun raɗa wa wannan noma wani suna mai tsada. Ni kuwa na gaya masa haka kakana ya yi noma a Rano har ya koma ga Allah, ba don aƙida ba, don ba shi da kuɗin yin wani iri.

Ranar suna ya zo. Mahaucin Baturke na bakin titi ne ya yanka mana rago, aka cika falo. Walta ya zauna a kan darduma, gwiwoyinsa sun kai kunnuwansa, ya ci nama da hannu kamar ɗan gari. Da aka watse sai ya tambaye ni:

"Malam, kowa ya ci ya sha. Ita mai sunan me ta samu?"

Malamin makaranta ba ya jin tambaya ya bar ta ta wuce lafiya. Na gyara zama na yi masa darasi. Na ce a gida kakan jariri ko kawunsa kan ba shi tunkiya ranar suna, a bar ta a hannun wani ɗan'uwa a ƙauye yana kiwo. Duk abin da ta haifa na yaron ne, uba ba shi da ikon taɓawa. Na ce ga mahaifiyarku nan, da 'ya'yan tunkiyar sunanta aka saya mata kwanukan ɗaki. Ita kuma tana daga ƙofar kicin ta ce, a hankali, ita wannan an haife ta a inda ko kaza ba a bari mutum ya ajiye. Ba ta ambaci sunan jaririyar ba, kun san ta da kunyar 'yar fari. Har yau "yarinyar nan" take cewa, ga Jummai da nata 'ya'yan.

Walta ya yi sallama ya tafi. Bayan 'yan makonni ya dawo da laka a takalminsa, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Ba ni da tunkiya," in ji shi. "Amma layin ƙarshe na gonar, wanda ke jikin shinge, na Jummai ne. Ni ne mai kiwo."

Na yi masa godiya irin tamu, mai hawa uku, har da ta kakanni. Mahaifiyarku ta share ido da gefen mayafi. A raina kwandunan 'ya'yan inabi nake gani, ana wankewa ana ba yara. Na karanta littattafai da yawa a rayuwata, amma ban tsaya na tambayi kaina me Bature ke nufi da inabi a ƙasar da rana ke fitowa kamar mai bin bashi ya hana ta ba.

Itacen inabi ba ya gaggawa. Jummai ta yi wayo, ta shiga makarantar yara, har mun fara mantawa. Sai wata ranar Lahadi ga Walta da tsohuwar motarsa ta ɗaukar kaya, ya rungumo kwali ya dire a tsakar falo. Kwalabe ne, ruwan ciki fari-fari mai ɗan kore, kowace da takarda an rubuta sunan Jummai da hannu.

"Na san ba kwa sha," ya ce tun ban buɗe baki ba. "Ban kawo don ku sha ba. Inabin ƙasar nan ba ya ciwuwa, Malam, tsaminsa sai ya kashe maka haƙori. Wannan kaɗai yake iya zama. Kai ka ce abin da tunkiya ta haifa na mai tunkiya ne. To ga abin da ta haifa. In ta girma ta yi yadda ta so da shi."

Ya kama ni da darasina. Na dubi hannuwansa, duk sun tsage, farce ya yi baƙi. Na san a bakin gona da kasuwannin ƙauye yake sayar da nasa da araha, kuɗin kwalba bai kai na jirgin ƙasan da zai kai ka gonar ba, don a lokacin ba mai ɗaukar giyar Ingila da daraja, har su Ingilishin. Mutum ya yi shekaru yana fama da sanyi da tsuntsaye, ya ware wa 'yarka kasonta bai ci ko ƙwaya ba. Bahaushe zai iya duban idonka ya ce maka ka rame kamar za ka mutu gobe, amma ba zai iya ce maka kyautarka ta dame shi ba. Na ce an gode, Allah ya saka da alheri. Aka kawo masa shinkafa.

Motarsa na barin layi mahaifiyarku ta nuna kwalin da ƙafa.

"Malam, ɗauke wannan abu ka tuttular a lambatu."

"Dukiyar yarinya ce, Hajiya. Amana ce."

"Amanar giya? A wane littafin?"

Kuskurenta ke nan, da ta ce littafi. Na hau sama na sauko da shi. Na karanta mata inda malaman fiƙihu suka ce giya idan ta juye da kanta ta zama khal, wato ruwan tsamin nan da ake zuba wa latas, to ta tsarkaka, ta halatta a ci a sayar. Na ce ga mafita Allah ya kawo. Ba mu zubar da wahalar mutum ba, ba mu tauye yarinya ba, ba mu sha haram ba. Mu ajiye kawai mu jira ta lalace.

Ku da aka haifa a nan ba za ku gane ƙarfin wannan hujja ba. Mu inda muka tashi, ba abin da ake ajiyewa bai yi tsami ba. Nono ya kwana ya yi tsami. Kunu ya wuni ya yi tsami. Fura, koko, ƙullun waina, miyar jiya, duk hanyarsu ɗaya. Ka rufe abu ka tura shi lungu mai duhu ka ba shi baya, sauran aikin na Allah ne. Ban taɓa ganin ruwan da ya gagari wannan doka ba, ban kuma ga dalilin da zai sa na Walta ya zama na farko ba.

Ta yarda bisa sharaɗi biyu: kada ta gani, kada ta ji wari. Gidan tsoho ne, yana da ɗan ɗaki a ƙarƙashin ƙasa inda a zamanin da can ake zuba gawayin kwal. Ba taga, ba ɗumi, rani da hunturu sanyinsa ɗaya. Na ce ga lungu ya samu. Kantocin ciki gajeru ne, kwalba ba ta tsayuwa, sai na kwantar da su a jere. Marfin kuwa ban taɓa ba, na farko saboda sharaɗin wari, na biyu saboda littafi ya ce "da kanta", kuma na fahimci cewa cire marfi sa hannu ne. Na rufe ƙofa ina jin daɗin kaina, kamar wanda ya warware lissafin da ya gagari aji.

Haka muka zauna. Kowace shekara kwali ya zo, in yi godiya, in sauka da shi. Shekarar da sanyi ya ƙone furanni kwalabe uku kawai ya kawo, yana ba da haƙuri kamar shi ya saukar da ƙanƙarar. Da rani mukan cika mota mu je gonar, mahaifiyarku da kular dambu, ku kuna bin tumaki, Jummai ta je ta tsaya a layinta tana gaya wa duk wanda ya zo wucewa cewa nata ne. Kuma duk shekara in azumi ya matso, mahaifiyarku ta fara kakkaɓe gida, sai ta tsaya a bakin matakalar nan da tsintsiya.

"Malam, ya yi tsami?"

Sai in sauka da tocila. A nan ne lissafina ya nuna gurguwar ƙafarsa, don ba ni da hanyar sani. Ba na ɗanɗanawa, ba na buɗewa. Abin da nake iyawa shi ne in ɗaga kwalba a gaban haske. Na lura tsofaffin suna sauya launi, daga fari-fari zuwa ruwan ɗorawa, daga nan zuwa kalar zuma. Duk abin da ya sauya launi a sanina ya kama hanyar lalacewa. Sai in hawo in ce:

"Yana hanya."

"Shekara nawa yana hanya? Daga Kano yake tahowa a ƙasa?"

Shekarar da Jummai ta cika sha biyar aka yi wani mugun hunturu. Ranar Asabar da hantsi, falo cike da yara, ina tsaye ina fama da su a kan bambancin ƙ da k, sai muka ji ƙara a ƙarƙashinmu. Bututun ruwa ne ya daskare ya fashe. Kafin a gano inda ake kashe ruwan, ɗakin kwal ya cika har gwiwa. Daidai lokacin iyaye suka fara isowa ɗaukar 'ya'yansu, kuma kun san mutanenmu, ba sa ganin ɗan'uwa cikin wahala su tsaya. Ban ankara ba sun naɗe ƙafar wando sun yi layi daga matakala har waje, ana miƙa kaya hannu zuwa hannu. Tsohuwar akwati ta fita. Keken ɗinki ya fita. Sai na ji layin ya yi tsit, tun daga ƙasa shirun yake hawowa, mutum bayan mutum.

Da na fito waje na tarar an jera kwalaben a kan katangar gaban gida, don ba wanda ya so ya daɗe da su a hannu. Rana ta ɗan leƙo, abin da ba ta saba ba, ta haske su ɗaya bayan ɗaya. Ban taɓa ganin sun yi kyau haka ba. A ƙarshen katangar Alhaji Bala ne tsaye, ɗan kasuwar da ke shugabantar ƙungiyarmu, wanda shi ya sayi allunan ajin da littattafai, jikokinsa uku kuma suna ciki. Kusa da shi Dakta Nuhu, likitan yara, abokina, yana kallon sama kamar ya ga jirgi.

"Malam," in ji Alhaji, "mene ne wannan?"

"Khal ne, Alhaji. Wato, zai zama."

"Zai zama."

Na yi bayani a tsaye a cikin sanyi, wandona na ɗiga. Na kawo tunkiya, na kawo amana, na kawo fiƙihu. Alhaji ya saurara har ƙarshe, don mutum ne mai ladabi. Sannan ya ce shi bai yi zurfi a karatu ba, amma ya san malaman da suka ce in ta juye ta halatta ba su ce a gina mata ɗaki a zauna jiranta ba. Ya ce a kan wannan ɗaki jikokinsa ke zama suna karanta sunan Allah.

Dakta ne ya nemi ya cece ni, kuma shi ya ƙarasa ni.

"Alhaji, a yi adalci. Wasu sun fi shekara goma. In sun riga sun juye, ai magana ta ƙare, khal ne Malam ya tara. A duba mana."

"Wa zai duba? Kai?"

"A'a, ni da asibiti zan koma. A kira wanda ya yi ta."

Aka tsayar da Asabar mai zuwa. Alhaji ya faɗi sharaɗinsa a fili: in ta juye, shi zai fara ba ni haƙuri. In ba ta juye ba, a farfasa su a gaban jama'a, a nan take, in kuma yanke wannan kiwo. In na ƙi, aji ya tashi daga gidana. Na amince da saurina, don na ga kalar zumar nan da idona.

A bayan gida aka taru, wajen shanya, don mahaifiyarku ta ce kwalaben ba za su sake tsallake mata ƙofa ba. Magidanta kamar goma, kowa cikin babbar riga da kwat a sama. Alhaji ya zo da guduma a leda. A waya na ce wa Walta kawai ina so ya duba mini lafiyar kayan Jummai, sai ya zo da murnarsa, ya gaisa da kowa hannu bibbiyu. Ya ɗauki mafi tsufa, ta kwalin farko, ya duba marfin ya ɗaga gira. Ya zaro ƙugiyarsa ta buɗe kwalba daga aljihu ya cire shi, ya zuba kaɗan a kofin gilashi. Jama'a suka ja da baya taki guda. Ya juya kofin, ya sa hanci, ya daɗe. Ya kurɓa. Ya rufe ido.

Na ga fuskarsa ta motsa, na ce alhamdu lillahi, tsami ya kama shi.

"A ina ka ajiye wannan?" ya tambaya, muryarsa ƙasa-ƙasa.

Na gaya masa. Duhu, sanyi, a kwance, ba a taɓawa.

"Malam," in ji shi, ya juyo ga dattawan don su zama shaida, "ku ji abin da mutumin nan ya yi. Ni tawa duk na sayar tun tana ɗanya, kowa ya ce mini irin wannan ba ta wuce shekara biyu. Ban taɓa sanin abin da gonata za ta iya ba sai yau. Zuma, da tuffa, da wani abu kamar gasasshiyar gyaɗa. Wannan ita ce giya mafi kyau da na taɓa yi, kuma ba ni na ƙarasa ta ba, shi ne. Ko masu rumbunan giya na Faransa ba za su fi shi iya ajiya ba."

Dakta ya fassara wa waɗanda Turancinsu bai kai ba, kuma don amana bai rage komai ba. Na sha yabo a rayuwata, daga sufetocin makaranta har iyayen yara, amma ban taɓa jin wanda ya kashe ni tsaye kamar wannan ba.

Alhaji ya zare gudumar daga leda ya miƙo mini ta ƙota.

"Bismillah, Malam."

Na karɓa. Walta ya dubi gudumar, ya dube ni, murmushin yana nan a fuskarsa bai san inda zai sa shi ba. Ina tsaye da ita, ga aji a hannun dama, ga mutumin nan a hagu, sai ƙofar kicin ta buɗe. Mahaifiyarku ce, wadda ta yi shekara goma tana cewa a tuttular. Ba ta fito ba, daga bakin ƙofa ta tsaya ta gaida Alhaji da cikakkiyar gaisuwa, ta tambayi Hajiyarsa da yara. Sannan ta ce:

"Alhaji, ka yi haƙuri, maganar maza ce na shigo. Ni ba na son abin nan, Malam shaida ne. Amma mutumin nan ya ci ragon sunan 'yata. Duk danginmu na nan da na gida, ba wanda ya tuna ya ba ta ko ɗan tsako sai shi. Ba za a fasa masa wahalarsa a kan idonsa a gidan nan ba."

'Yata, ta ce. A gaban maza goma. Ban taɓa jin kalmar a bakinta ba kafin ranar, ban kuma sake ji ba. Na sunkuya na ajiye gudumar a kan ciyawa.

Walta ya matso ya ce in gaya masa abin da ke faruwa, kada in rage. Na gaya masa, tun daga kwalin farko. Da na zo kan khal sai ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya zauna a kan garwar shara ya yi dariya har hawaye, shi kaɗai, mu muna tsaye kamar masu zaman makoki.

"Khal kake so? Malam, tun da na fara noman nan ba ni da abokin gaba kamarsa! Iska yake so, da ɗumi. Ka cire marfi, ka ɗaura ƙyalle, ka ajiye kusa da murhu. Duk abin da ake yi don a hana shi, shi ka yi, ba ka tsallake ko ɗaya ba. Me ya hana ka tambaye ni?"

"Kyauta ce," na ce.

Dariyar ta tsaya. Ya jima yana kallon kwalaben. Sannan ya ce ai ba nawa ba ne, ba nasa ba ne, a kira mai tunkiya. Jummai ta fito da rigar sanyin makaranta. Kun san ta a lokacin, a yi mata Hausa ta mayar da Turanci. Walta ya gaya mata abin da ke cikin kwalaben da darajarsa, bai ɓoye ba, ya ce in ta bar su wata rana za a neme su. Ta dubi uwarta, ta dubi dattawan. Da Hausa ta amsa, don su ji, sai da na fassara masa:

"Kawu Walta, ina son abin da zan iya ci."

Ya ce to. Ya je mota ya mirgino wata shuɗiyar ganga ta roba ya kafa a tsakiyar wurin. Ya ɗauki kwalba ya cire marfi ya juye. Ya ɗauki ta biyu. Yana yi yana karanta shekarar da ke jikin kowace, ba da ƙarfi ba: wannan ta shekarar fari, wannan ta shekarar da tsuntsaye suka yi ɓarna, wannan ta shekarar da matarsa ta rasu. Ƙamshi ya cika bayan gida, dattawa suka toshe hanci da hannun riga. Dakta ya matsa kusa da shi ya raɗa masa da Turanci cewa ya ɓoye ko guda ɗaya mana, don kansa.

"Mai kiwo ba ya cin ɗan tunkiya," in ji Walta. "Haka Malam ya koya mini."

Ragowar da ke cikin kofin ma ya juye a ganga. Kurɓa ɗaya ya yi wa giya mafi kyau da ya taɓa yi, ita ke nan har ya mutu.

Alhaji ya ɗauki gudumarsa ya mayar a leda. Ya ce shi fasawa ya ce, ba sauya mata suna ba, kuma bai ji an yanke kiwo ba. Na ce ba za a yanke ba; daga bana abin da layin ya haifa khal za a yi da shi tun daga gona. Ya ce to, Allah ya ba da sa'a. Asabar da ta biyo na share falo na jera alluna. Yaran Dakta ne kaɗai suka zo, su ma bayan wata biyu uwarsu ta gaji da maganar mutane ta hana su zuwa. Aka mayar da ajin gidan wani ɗalibi a Tottenham, yaron kirki, wanda ke karanta Hausa kamar yana taka ƙaya. Ku ƙanana na kai ku can sau biyu, kuka dawo kuna kuka an ce muku 'ya'yan mai rumbu, ban sake kai ku ba. Na ce zan koya muku da kaina a gida, amma ɗa ba ya zama ɗalibin ubansa in ba wasu yara a gefe. Hausarku da ta tsaya inda ta tsaya, a nan ta tsaya, kuma wannan shi ne abin da na biya. Kada ku riƙe Alhaji Bala a zuci. Ya yi abin da ya ga daidai ne a kan jikokinsa, kuma ranar da aka yi mini aikin zuciya shi ya fara zuwa asibiti, ya zauna ya yi mini hirar farashin fata, bai ambaci aji ba, ni ma ban ambata ba.

Walta ya tafi da gangar ya ajiye a bayan murhun kicin ɗinsa, da ƙyalle a bakinta. Ya ce ko a haka sai da ta yi masa taurin kai, ta ƙi juyawa har sai da ya roƙo uwar khal, wato tsohon tsamin da ke tayar da sabo, a wurin wata tsohuwa ya zuba mata. Shekara ta zagayo, azumi ya matso, sai ga shi da kwali. Kwalaben nan ne dai, da sunan Jummai, amma ya dire su a kan teburin kicin, wurin da ba su taɓa hawa ba. Mahaifiyarku na yanka latas. Ta goge hannu, ta buɗe ɗaya da kanta, ta sunsuna, ta ɗiga a yatsa ta kai baki. Idonta ya rufe, kafaɗunta suka ɗaga har kunne.

Na ce, "Hajiya, ya yi tsami?"

Sai da ta sha ruwa tukuna.

"Ya iso," ta ce. "Miƙo mini gishiri, ka ce wa baƙonka ya zauna."